Tsaga a Ƙofar Gidan Magini

Magini ne ya zuba kankaren titin unguwarsu, ya kuma cika wa mutane kunne da cewa zai shekara talatin. A shekara ta biyu titin ya tsage, daidai ƙofar gidansa. Ga shi ranar injiniya zai zo dubawa kafin ya ba shi aikin titi na gaba.

Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, ya ji yana amsawa kamar ganga.

"Manyan motoci ne," in ji shi.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Wace mota, maigida? Kwatarmu ce. Tun bara nake cewa ka gyara. Ruwan wanki ke bin tsagar yana cinye ƙasar da ke ƙarƙashi."

Gaskiya ta faɗa. Kankare ba ya tsayawa a kan iska, kuma sakaci ne ya jawo.

Da injiniya ya iso, magini ya faɗi laifinsa ba kwana-kwana. Injiniya ya yi dariya.

"Fasa nan ka sake zubawa, aikin naka ne. Amma uwargida za ta duba."

"Ai kuwa ya shiga uku," in ji ta.