Koren Baba

Manajan otal ɗin ya zagaye motar, hannuwansa a aljihu, bai ko taɓa ta ba. Injin ya yi masa, kujerun sun yi masa, tuƙin Auta ma ya yi masa, don sun je filin jirgi sun dawo ko gilashin idonsa bai motsa ba. Jikin motar ne ya tsaya masa a wuya.

"Wa ya yi maka wannan fentin?"

"Babana ne, ranka ya daɗe."

"Da tsintsiya?"

Auta bai yi dariya ba. Manajan ya gyara murya.

"Ka ga, samari, baƙinmu daga jirgi suke sauka. Ba zan tura musu ƙofar gida mai taya huɗu ba. Ko fara ko baƙa. Ka gyara ta kafin ƙarshen wata aikin naka ne. In ba haka ba, akwai masu jira."

Ƙofar gida. Manajan bai san ya faɗi gaskiya ba. Da ragowar fentin ƙofar gidansu Baba ya shafe motar, kore shar mai maiƙo, da burushin da ake shafar bango. Tun daga lokacin, ko keke ne ya goge ta, sai ya ɗauko gwangwani ya tsuguna ya ɗora wani a kan wani. Jikinta duk layi-layi ne, ga gashin burushi a maƙale nan da can, ga shatin babban yatsansa a kan murfin tanki, inda ya taɓa don ya ji ko ya bushe. Da ita ya yi haya har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu bara, yayyen Auta suka ce shi ne ba shi da abin yi tun da ya gama sakandare, ya riƙe makullin.

Ya riƙe. Sai dai fasinja na ganin koren nan sai su ɗaga wa ta bayansa hannu. Aikin otal ɗin nan shi ne abu na farko da ya yi kama da aiki.

Daga otal bai nufi gida ba. Ya bi titin kasuwa, ya juyo, ya sake binsa. Ya kunna rediyo, ya kashe. Daga ƙarshe ya karya kan motar zuwa layin gareji.

Mai fenti tsoho ne, abokin Baba, gashin hancinsa ma ya rine da launin motocin mutane. Yana hango koren ya ajiye bindigar feshi.

"Kai! Yau Kwaɗo da kanta a wurina? Auta, ɓatan hanya kuka yi?"

"Kawu, fara nake so a mai da ita."

Tsohon ya bi jikin ƙofar da tafin hannu, ya sa farce ya ɗan karce.

"Ba a fesa fenti a kan wannan. Na gida ne, ba ya shiri da na mota. Ina fesawa zai tattare kamar fatar tsohuwa. Sai an kankare shi tas, har ƙarfe. A cike ramuka, a goge, a yi shimfiɗar farko, sannan fari."

"Duka za a kankare?"

"Duka. Ko ɗigo ba zai rage a waje ba."

Auta ya dubi murfin tanki. Ya ce zai yi shawara da Mama. Tsohon ya dube shi ta saman gilashi, ya ɗauki bindigarsa.

A ƙarshen layin akwai wani sabon shago mai fitilu da rana tsaka, daben ƙasansa har ɗaukar ido yake. Nan ake lulluɓe mota da leda. Mai shagon sa'an Auta ne, tare suka yi makaranta, kowa Sitika yake ce masa. Ya jingine naɗe-naɗen ledar a bango kamar mai sayar da yadi: fara, baƙa, ruwan toka, da wata mai canja launi in ka gifta.

"Mutumina, wa ke fenti yanzu? Ka bar mota a hannun tsoho, ƙura ta ci ka, wata ya ƙare kana tafiya a ƙasa? Ni riga kawai nake sa mata. Na shimfiɗa, na hura mata zafi, na lailaye, ta kwanta luf. Ran da ka gaji, ka kama gefe ka ja. Abinka na nan a ƙasa yadda ka bar shi."

"Yadda na bar shi?"

"Ko ƙwarzane babu. Kamar ka sa hoto a firam."

Maganar ta shige shi. Fara a waje don manaja, kore a ciki don gida. Babu wanda zai rasa komai. Ya ce gobe zai kawo ta.

Amma da ya koma gida zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito. Ya wanke motar da ba ta yi datti ba. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya rufe bonet, ya sake buɗewa don bai tuna abin da ya gani ba. Mama na zaune a bakin taga tana ɗinkin maɓalli, inda ta saba zama tun Baba na da rai. Daga nan ake ganin motar gaba ɗayanta. Kullum nan take, kuma Auta ya daɗe da yanke wa kansa cewa koren take kallo.

"Auta, ƙasan nan za ka huda da sintiri? Sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba?"

"Suna dubawa."

"Me suke dubawa?"

"Abubuwa."

"Uhm. Ubanka sak. Sai an sa ƙugiya ake ciro magana a bakinku."

Washegari tun kafin Sitika ya gama share shago Auta ya iso. Sitika ya zo da fara'arsa, ya ɗora hannu a kan bonet, sai fara'ar ta ragu. Jiya daga nesa ya ga motar.

"Wai wannan fenti ne ko yaɓe?"

"Ka ce riga ce. Sa mata."

"Riga ce, amma ba ta ɓoye ƙusumbi. Duk layin burushin nan zai fito. Gashin nan ma zai fito, kamar jijiya." Ya sosa ƙeya. "Bari dai mu gwada ɗan yanki."

Ya yanko farar leda kamar faɗin littafi, ya manna a ƙofar baya, ya hura mata zafi da na'ura, ya bi ta da ɗan faranti na roba. Ta kwanta. Fara fat, amma kowane layi na hannun Baba yana nan a jikinta. Auta ya bi layukan da yatsa. Manaja zai yi ƙorafi, amma fara ai fara ce.

"To cire mu gani," in ji shi.

"Me za ka gani?"

"Ka ce in na gaji in ja. Ja mana."

Sitika ya sa farce ya ɗago gefe, ya ja a hankali. Aka ji wani ƙara kamar ana yage tsohon zane. Ledar ta taso, koren ya biyo ta. Gaba ɗaya, ɓawo guda, har da gashin burushi. Inda ta tashi sai ga wani ja mai duhu, ya koɗe, tsatsa ta ci gefensa.

Suka tsaya suna kallon ramin.

"Wallahi ban taɓa ganin haka ba," in ji Sitika. "A kan fentin kamfani ba ta yi. Wannan bai kama ƙarfen ba ne, zaune kawai yake."

"Ka ce kamar hoto a firam."

"Na ce. Ban san a kan yaɓe za a rataya shi ba. Ka ga, in ka lulluɓe ta ka bar ta, ba wanda zai sani. Kada dai ka cire."

"Har yaushe?"

"Leda ce, mutumina. Rana za ta ci ta, wata rana dole a sauya."

Wato ko yau ko wata rana, koren zai tafi. Auta ya karɓi yankin daga hannunsa. Gaba fari, baya kore. Ya jefa shi a kujerar gefe ya tayar da mota, Sitika na kiransa bai waiwaya ba.

Ya yi ta yawo. Ya wuce otal, ya ga fararen motoci a jere, direbobi na jingine suna hira. Ya wuce layin gareji bai shiga ba. A danja wani mai babur ya leƙo ya ce, "Direba, motarka ta ji ciwo, a kai ta asibiti!" Ya rasa inda zai ajiye ta gefen ramin bai kalli mutane ba. Da rana ta karkata ya koma gida, ya juya ta yadda ƙofar bayan za ta fuskanci bango, ba taga ba.

Mama ba ta bakin taga. Tana tsakar gida tana kwashe shanya, daidai gefen bangon. Ta saki zanen da ke hannunta a cikin kwando, ta matso.

"Mama, gwaji ne aka yi. Zan nemo irin fentin in shafe, ba za ki ma gane—"

"Jan nan!" Ta sa yatsa a ramin. "Ashe yana nan."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda bai ji ta yi ba tun bara, har tana dafa motar.

"A haka ya fara zuwa da ita. Ja kamar motar kashe gobara. Na ce ni ba zan shiga ba, gari duk a san na fito. Ya yi fushi ya tafi. Da ya dawo sai ga ta kore, shi ma kore har gira. Na ce gara jan."

"Ba kya son koren?"

"Wa ke son wannan abu? Shi kansa kunyarsa yake ji. Kullum sai ya ce in aiki ya yi sauƙi zai kai wa abokinsa ya fesa mata na kirki. Aikin bai taɓa sauƙi ba. Mutumin da ba ya iya barin mota ta wuni a tsaye."

"To me kike kallo ta taga kullum?"

"Kai nake kallo, sakarai. In ga ka fita, in ga ka dawo." Ta ɗauki kwandonta. "Me otal suka ce?"

Ya gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta koma yadda take.

"Shi ne kake ta zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai? Auta, in kai ne ba ka iya rabuwa da shi, ka ce kai ne. Kada ka laɓe a bayana."

Ta shige ciki. Ya tsaya shi da motar. Ya ɗora babban yatsansa a kan shatin da ke murfin tanki. Na Baba ya fi nasa faɗi.

Da safe mai fenti ya same shi a ƙofar gareji, ya riga shi zuwa. Tsohon ya ga ramin, ya ga jan, ya yi tsaki.

"Aikin ɗan gayun can ne? Leda! Mota ce ko burodi?"

"Kawu, za ta fito kafin ƙarshen wata?"

"In ka bar ni na yi aikina, ka daina yi mini sintiri a ka." Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna dokin ƙofar, inda ba a gani sai an buɗe. Har nan Baba ya bi da burushi. "Nan fa? Wasu na cewa a fesa, wasu a bari. In an rufe ba mai gani."

Auta ya daɗe yana kallon siririn koren da ya zagaye bakin ƙofar.

"A bari."

"Murfin tanki?"

"Waje yake. A kankare."

Tsohon ya jawo bokitin ruwa, ya naɗe takardar guga mai kaushi a jikin ɗan katako, ya miƙa masa.

"Me zan yi da shi?"

"Motar gado ba na fara sa mata hannu. Na taɓa yi wa wasu, na gama tas suka zo suna kuka wai na shafe musu uba. Tun daga ranar, mai ita ke fara gogewa. In ka yi layin farko, sauran nawa ne."

Auta ya karɓa. Ya zagaya motar, ya wuce bonet, ya wuce ƙofar da ta ji ciwo. Ya tsaya a murfin tanki. Ya tsoma katakon a ruwa, ya ɗora, hannunsa ya tsaya.

"Ba shafa kan jariri na ce ka yi ba," in ji tsohon. "Danna."

Ya danna. Shatin ya tafi a goga ta farko. Ruwan kore ya gangaro ta gefen taya ya bi kwata. Ya sake tsomawa, ya ci gaba, ja ya leƙo, shi ma ya tafi, sai ƙarfe.

"Ya isa, kawo."

Auta bai miƙa ba. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a madubi, ya jawo bokitin kusa, ya koma kan ƙofar baya.

Tsohon ya dube shi, ya girgiza kai, ya je ya ɗauko wani katakon.