Mutumin Rediyo a Kan Taɓarya

Duk zabiyoyin garin Tawa sun yarda Tani tana da murya. Abin da take yi da muryar ne ya tsaya musu a rai. Mace ta tashi cikin kiɗan ƙwarya, kakarta zabiya, uwarta zabiya, amma sai ta jawo turmi ta ɗaura masa fatar akuya irin yadda matan Buzaye ke yi, abin da suke kira tende. Wannan ma bai ishe ta ba. Ta ji kiɗan Kwango a garmahon wani mai shago, sai ta je ta lallaɓo Mushe Alƙasum, malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake ce wa malami mushe, ya riƙa bin ta da gitarsa. Tsofaffin zabiyoyi suka ce wannan ba waƙa ba ce, kwaɗo ne, an zuba kome da kome an cakuɗa. Su ne kuwa kan gaba wajen kaɗa kai da zarar ta fara.

Tenden ba daga sama ta same shi ba. Tana jaririya a Takanamat uwarta ta kwanta ciwo, maƙwabciyarsu Safi, wata Buzuwa mai faɗan tsiya, ta shayar da ita tare da ɗanta Attaher. Safi ce ta koya mata ɗaurin fata da bugu, kuma ba ta taɓa yaba mata ko sau ɗaya ba. Shekara biyar ke nan da su Safi suka kora dabbobinsu suka shige arewa. Ba wasiƙa, don ba mai karatu a cikinsu. Tani tana kewar tsohuwar nan ƙwarai, har da faɗanta.

Ranar wata kasuwa masu raƙuma suka gaya mata Attaher ya sayi rediyo ya rataye a bukka, tsohuwa kullum tana gindinsa tana kushe mawaƙa. Tun daga ranar Tani ta tsara waƙa guda, ta sa wa ranta sai ta shiga akwatin nan ta kai ga kunnen Safi.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, sai ga wani ma'aikacin gidan rediyo daga Yamai yana yawon ɗaukar waƙoƙi. Sunansa Mushe Gambo, siriri ne kamar karan dawa, da gajeren wando na kaki da doguwar safa. Kafin Tani ta samu ya zo gidanta, faifai ɗaya ya rage masa, motar komawa kuma za ta tashi bayan la'asar.

Ya iso da hantsi, ya ajiye akwatin ɗaukar magana a inuwa, ya zaro takarda. Ya dubi ƙwarya kife cikin ruwa, ya dubi turmi, ya dubi Mushe Alƙasum rungume da gita.

"Madam, takardar nan gida uku gare ta," in ji shi. "Waƙar Hausa, waƙar Buzaye, waƙar zamani. Taki a wane gida take?"

"Sa ta duk ukku," in ji Tani.

"Ba a yi."

"To, sa ta ƙohwar gida."

Mushe Gambo ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba, abin da ba shi da gida a takarda ba shi da wuri a faifai. Ya fara naɗe wayarsa. Tani ba ta roƙe shi ba. Zabiya ba ta rasa makami. Ta ƙura wa ƙafafunsa ido, ta ɗan buga turmin da yatsu, ta rera a hankali:

"Baƙon Yamai mai sahwa,
wa ya ara maka ƙahwar zalɓe?"

Mushe Alƙasum, wanda ba ya iya jin amo bai bi ba, ya ɗora gita a kai. Abin ya hau daram. Mushe Gambo ya tsaya cak. Ya yi yawo a ƙasar Adar, ya san zambon zabiya yana riga babbar mota isa gari. Ya ga kansa yana sauka a Yamai 'yan tasha suna rera masa ƙafar zalɓe.

"Baiti nawa ne?" ya tambaya.

"Yanzu biyu. In ka tahi da hwaihwanka, kahin la'asar sun kai talatin."

Ya warware wayar.

Sai dai da sauran aiki. Shi tende, taɓare biyu ake shimfiɗawa a gefen turmi, a ɗaure su da igiyoyin fatar, mata biyu su zauna, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan. Nauyinsu ke jan fata ta yi tauri ta ba da amo. Masu zaman Tani 'yan biyu ne, Hasana da Usaina, mata masu jiki, nauyinsu ɗaya kamar an auna. To, Usaina ta tashi haihuwa ba ta ga ranar da ta dace ba sai wannan safiyar. Matan unguwa duka sun tafi barka. Hasana kaɗai ta zo, ita ma sai da Tani ta jawo ta da zane.

Aka ɗora buhun gero a gurbin Usaina, ya zame. Aka ɗora dutsen niƙa, ya mirgino ya kusa tafiya da yatsan Mushe Alƙasum. Tani ita ke bugu, malamin lakwal hannunsa na kan gita. Sai idanun su ukun suka koma kan baƙo.

"A'a," in ji Mushe Gambo. "Ni ma'aikacin gwamnati ne."

"Wa ya ara maka..." Tani ta fara.

Ya zauna.

Ƙarshensa na taɓarya ko motsi bai yi ba. Hasana ta dube shi daga ɗaya ɓangaren ta ce, "Wanga ko kaza ta hi shi nauyi." Aka ɗora masa akwatinsa a cinya, aka cika masa aljihun kaki da duwatsu, aka rataya masa jakar batur a wuya. Fata ta ɗan miƙe. Tani ta yayyafa mata ruwa, ta buga, ta yamutsa fuska. Ba haka Safi ta koya mata ba, amma rana tana tafiya.

Mushe Gambo ya murɗa abinsa, faifai ya fara juyawa. Hasana ta miƙa hannu tana kaɗa ƙwarya daga inda take zaune, gita ta shigo da tafiyarta ta Kwango, turmi ya amsa. Tani ta rufe ido.

"Inna Safi, ina kika kai bukkarki?
Na daka gero cikin turmi, bai yi mani hwaɗa ba.
Na ɗaure hwata, ba wanda yac ce ban iya ba.
Inna, dawo ki zage ni."

Muryarta ta yi rawa a nan, don da gaske take. Waƙar ta hau, ta sauka, ta bi ta Takanamat da rijiyoyin arewa, amshi rabi Hausa rabi Buzanci. Mushe Gambo ya manta da takardarsa. Kansa na kaɗawa, duwatsu na ƙara a aljihu.

A baitin ƙarshe daɗi ya kwashe Hasana, ta manta aikinta zama ne. Ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa. Taɓare suka yi sama ta ɓangarenta, ma'aikacin gwamnati ya yi ƙasa ta nasa, safa a sama. Bai dai saki akwatin ba, Allah ya ba shi lada. Abu na ƙarshe da ya shiga faifan shi ne, "Wayyo bayana!"

Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ɗauki takarda ya ja layi ɗaya ya ratsa gidajen uku, ya ce can Yamai su san yadda za su yi da ita.

Damina ta zo ta wuce. Waƙar ta fito a rediyo, da wayyon da kome. Mutanen Tawa suka haddace ta, yara da manya, har zabiyoyin da suka kira ta kwaɗo. Tani ba ta ji daɗin kome ba. Ba don su ta yi ba, daga arewa kuwa shiru.

Bayan an gama girbi, wata safiya tana tankaɗe, wani dogon mutum mai rawani ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gida ya yi sallama. Attaher ne. Bayan gaisuwa ya miƙa mata ƙunshin cuku.

"Inna tac ce in hwaɗa miki hwatar ta yi sanyi gehe guda," in ji shi. "Tac ce wa kika aza bisa taɓarya, ɗan tsako? Cukun ga nashi na. A aika mai shi ci shi yi nauyi."

Tani ta riƙe ƙunshin. "Waƙar hwa? Ba ta ce komi ba?"

"Tac ce kin yi gaugawa ga amshi na biyu. Abin ga mai igiya kuma, tac ce ba laihi, amma shi rage surutu." Attaher ya gyara rawani. "Tun randa taj ji ki ba a kashe rediyo gidanmu, wai kar a sa waƙarki ba ta nan. Batur ya gagare ni. Shi as sa niz zo in tahi da ke, mun sauka kwana biyu daga Takanamat. Tac ce ki taho da turmin, ɗaurinki duk ya lalace."

Tani ta zauna a bakin turmi ta yi kuka sosai, tana dariya a ciki. Shekara biyar ba wanda ya ce mata ba ta iya ba. Da ta share ido sai ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa Hasana kira, ta ce ta gaya wa Usaina ta goya jaririnta su fito, tafiya ta kama su.

"Da mu?" in ji Hasana.

"Da ku mana. In nij je da wani ɗan tsako kuma, kashe ni za ta yi."