Ƙaramin Injin Mukarrama

Kwamfuta shida ce a ɗakin kwamfuta na makarantar, amma huɗu ne ke aiki. A nan Malam Zulkifilu, malamin kimiyya, yake tara 'yan ajin ƙarshe duk ranar Laraba bayan azahar su yi wani wasa na ƙera mota. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa zai zaɓi inji, ya tsara giyoyinsa, ya sa taya, sannan a loda wa motar kaya, ya tuƙa ta da kansa ta haye wani tudu mai laka. Kwamfuta ce ke riƙe lokaci. Tun makon farko aka kashe lasifika, domin bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da ofishin firinsifal, shi kuwa ya ce bai ga dalilin da zai sa ya yi aiki a tashar mota ba.

A ƙarshen wata za a yi gasar wasan a Ikara, tsakanin makarantun Ikara da Makarfi da Kudan. Suna ɗaya kowace makaranta za ta aika. Takardar tana aljihun Malam, ranar Juma'a za a mayar da ita.

Da farko kowa ya ɗauka Salman ne zai je. Shi ne mai inji mafi girma a wasan, mai ƙarfin doki ɗari shida, kuma yana haye tudun cikin minti biyu da daƙiƙa arba'in. Sai ga Mukarrama, yarinyar da ke zama a kwamfutar ƙarshe kusa da taga, wadda ba ta cika magana ba, ta haye cikin minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da takwas. Injinta bai kai rabin na Salman ba.

Da aka tashi, Salman ya tsaya har kowa ya fita.

"Malam, wallahi akwai magana."

"Ina jin ka."

"Ta yaya akuya za ta tsere wa doki a hawan tudu? Ka duba injinta mana. Kuma ka san yayanta Ja'afar, mai gyaran waya a kasuwar Makarfi? Ba abin da bai iya buɗewa. An ce yana shiga cikin wasa ya canza lambobi."

"An ce," in ji Malam. "Wa ya ce?"

Salman ya rage murya. "Ni da idona na ga wata baƙar igiya ta fito daga ƙarƙashin hijabinta ta bi ƙasan tebur. Da na matso, ta fizge ta ɓoye. Wani ne ke faɗa mata abin da za ta danna."

Malam ya sallame shi da cewa ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Amma da ya zauna shi kaɗai, sai ya buɗe motar Mukarrama ya duba. A gefen allo akwai zanen da ke nuna ƙarfin inji: layi ne da ke tashi kamar tudu yayin da inji ke ƙara juyi, ya kai ƙololuwa, sannan ya gangaro. Tudun injinta ɗan ƙarami ne. Giyoyinta kuwa sun ba shi mamaki. Sauran ɗalibai giya huɗu suke sawa, masu tazara mai faɗi, don motar ta yi gudu. Ita bakwai ta sa, biyar na farko a cunkushe kusa da juna. Bai taɓa koya musu haka ba. Wa ya koya mata?

Ya gwada tuƙa motar da kansa. Ta maƙale a tsakiyar tudu. Ya sake, ta haye da ƙyar cikin minti uku da rabi. Mota ɗaya, inji ɗaya, giya ɗaya. To ina minti ɗaya da hamsin da takwas ya fito?

Ya tuna wasu abubuwa da a da bai ɗauke su komai ba. Ita ce ke fara shigowa, kullum ta nufi kujerar nan ta lungu. Idan ya zagayo ta bayanta, takan sa hannun hagu cikin hijabi ta daina tuƙi. Sau biyu ta roƙi mabuɗin ɗakin lokacin hutun tara. Ya ciro takardar gasar ya dube ta, ya rubuta sunan Salman da fensir. Hankalinsa bai kwanta ba, shi ya sa bai yi da biro ba.

Ranar Alhamis ya tara su duka lokacin tara, ya kira ta gaba.

"Mukarrama, ba na son a yi ta raɗe-raɗi a kanki. Ga kwamfutata, na goge komai na sake sa wasan. Ki haɗa motarki a gabanmu, ki tuƙa. Hannuwanki biyu a kan tebur."

Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. "To, Malam."

Ba ta yi minti biyar ba ta haɗa motar. Lambobin giya bakwai ɗin duk a kanta suke, ba ta duba takarda ba. Malam ya lura da wannan, ya ɗan ji sanyi. Amma da aka fara hawa sai abu ya lalace. Ta canza giya da wuri, motar ta yi sanyi. Ta rage giya a makare, taya ta yi ta juyi a laka. Da ta kai sama, agogo ya nuna minti uku da daƙiƙa goma.

"Ayyururui!" in ji wata daga baya, aka fashe da dariya.

"Ina Yaya Ja'afar yau?" in ji Salman. "Ko sabis ne ya ɗauke?"

"Ya isa," in ji Malam. Ya juyo gare ta a hankali. "Mukarrama, an ce an ga igiya a ƙarƙashin hijabinki. Gaskiya ne?"

Sai da ya sake tambaya. Sannan ta sa hannu a jaka ta ciro iyafis, baƙi, kunne ɗaya ya mutu an naɗe shi da salatif. Dokar makaranta ta hana shigowa da waya da duk abin da ya shafe ta, wanda aka kama kuwa ƙwacewa ake yi.

"Ina wayar?"

"Ba ni da waya, Malam. A jikin kwamfuta nake sawa."

"Don ki ji me?"

"Injin."

Wasu suka sake dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce ta yi bayani.

"Iyafis ɗin na yayana ne, aro ya ba ni, shi ya sa nake ɓoyewa. Malam, ni ban iya kallon allurar nan mai nuna juyin inji ina kallon hanya lokaci ɗaya. Kuma allura tana makara. Kunne ya fi ta sauri. Babana Jumare a-kori-kura yake ja, yana kwaso rake daga fadama. Lokacin hutu ni nake zama a gaba in riƙe masa ruwa. Wajen fitowa daga fadamar akwai wani hawa, manyan motoci ma suna kafewa a nan. Shi bai taɓa kafewa ba. Ba ya kunna rediyo in ya ɗauko kaya. Ya ce inji yana da muryar da yake ja da ita. In ya yi ƙasa da ita yana nishi, in ya wuce ta ihu kawai yake yi, ba ja. Aikin direba ya riƙe shi a kan muryar nan."

Malam ya dubi zanen da ke gefen allo, ya ɗora yatsa a ƙololuwar tudun layin.

"Nan ne muryar?"

"Nan ne, Malam. Shi ya sa na matso da giyoyin kusa da juna. In na canza, injin ba ya faɗowa nesa da wurin. Na Salman in ya bar giya ta biyu ya shiga ta uku, sai ya faɗo can ƙasa inda ba ƙarfi."

"Labari ne," in ji Salman, amma muryarsa ta ragu. "Ta yi mu gani."

Malam ya dubi bangon firinsifal. Sannan ya miƙa hannu ya kunna lasifika, ya ƙure ta.

Ƙarar inji ta cika ɗakin. Mukarrama ta ɗora yatsunta, ta ɗan karkatar da kai kamar mai sauraron sallama daga waje. Motar ta tashi. Kukan ya hau, ya hau, kafin ya zama ihu ta canza, ya dawo daidai inda yake. Ta sake, ta sake. Ko wanda bai san komai ba zai ji cewa murya ɗaya injin ya riƙe tun daga gindin tudu har sama. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyar.

Ƙofa ta buɗe, firinsifal ya leƙo da tabarau a hannu.

"Malam Zulkifilu, lodin Zariya ake yi a nan ko na Kano?"

"A gafarce mu, ranka ya daɗe. Darasi ne, kuma ni aka koya wa."

Da firinsifal ya koma, Malam ya ciro takardar daga aljihu. Bai ɓoye ta ba. Ya buɗe ta a kan tebur yadda na kusa za su ga sunan da ke jiki da fensir.

"Mukarrama, jiya na rubuta wani suna kafin in tambaye ki ko kalma ɗaya. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

"Ba komai, Malam," in ji ta, idonta na ƙasa.

Ya karɓi magogi daga hannun wani ɗalibi ya goge, ya rubuta sunanta da biro. Iyafis ɗin kuwa ya sa a aljihunsa, ya ce doka doka ce, za ta karɓa in an tashi, ranar gasa kuma shi zai nemi izini ta shiga da shi.

Salman yana tsaye bai motsa ba. Can ya jawo kujera kusa da kwamfutar, ya zauna yana kallon allo, ba ita ba.

"To ni nawa injin," ya ce, "ina muryarsa take?"

Mukarrama ta dubi Malam. Ya gyaɗa kai, ya rage lasifikar kaɗan saboda bango. Ta ɗauko inji irin na Salman, ta danna totur a hankali.

"Yi shiru tukuna," in ji ta. "Ba ka ji in kana magana."