Hitar Yaya da Injin Numfashin Inna

Da Malama ta dawo daga makaranta, tun daga ƙofar ɗakin Inna ta ji shirun ya yi yawa. Injin da ke taimaka wa tsohuwar numfashi ya yi tsit, filoginsa yashe a ƙasa. Inna na jingine da matashi, baki a buɗe, tana jan iska kamar mai hawan tudu.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta mayar da filogin. Sai da ta ga kumfa ta fara tashi a 'yar kwalbar ruwan injin, ta gyara wa Inna robar hanci, sannan ta fito tsakar gida.

"Wa ya cire?"

Yayanta na tsaye gaban akwatin fis da sukudireba a hannu. "Ni ne. Fis ya sake ƙonewa da safe. Wannan ƙaton injin ne ke shanye wutar gidan nan. Daga yau zai riƙa hutawa da rana."

"Hutawa? Huhun Inna ma hutawa zai yi? Yaya, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

"Ke dai rage murya. Dube shi fa, ya kusa kai firiji, ga gurnani kamar injin niƙa. Ai ko makaho ya san shi ne."

Malama ta sauke jakarta. A makaranta kimiyya take koyarwa, kuma yau ma darasin lantarki ta yi, don haka mitar awo na cikin jakarta, mai baki kamar na ƙaguwa. Ta sa matar Yaya ta kashe komai na gidan ban da injin Inna, ta maƙala bakin mitar a wayar da ta fito daga fis.

"Karanta da kanka."

"Ɗaya da rabi," in ji Yaya.

"Amfiya ɗaya da rabi, yawan wutar da ke bi ta wayar ke nan. Ƙarfin da ke tura ta kuma bolt ɗari biyu da ashirin ne. Ka ninka biyun, wat ɗari uku da talatin. Abin da injin ke ci ke nan, gurnanin da duka. Fis ɗin nan kuwa sai an haura amfiya goma sha uku yake ƙonewa. To me ake kunnawa da safe?"

Yaya ya ɗaga kafaɗa. Matarsa ta dubi ƙasa, ta ce, "Sai dai 'yar hitarka ta dafa ruwa."

"Wannan 'yar abar? Ko ludayi ya fi ta girma!"

"A kawo ta."

Aka kawo, aka tsoma ta a bokiti, aka kunna. Ko ƙara ba ta yi ba, amma lambar mita ta yi tsalle zuwa goma sha ɗaya da rabi.

"Cire na Inna, saura goma," in ji Malama, tana magana irin ta aji. "Goma sau ɗari biyu da ashirin, wat dubu biyu da ɗari biyu. Ta ninka injin Inna kusan sau bakwai. In ka raba bolt da amfiya, za ka ga turjiyarta om ashirin da biyu ce kacal, wato ƙofarta a wangale take, wuta na kwarara ba mai tare ta. Ka ƙara firiji da fanka, ina fis zai iya? Mai laifin na cikin bokiti ta yi shiru, kai kuma ka je ka kama mai kuka."

Yaya ya daɗe yana kallon ruwan da ya fara tururi. Can ya ce, "Ruwan wankan Inna nake dafawa da ita. Sanyi na taɓa mata ƙirji."

Malama ta san gaskiya ya faɗa, don kullum shi ke kai bokitin da hannunsa. Amma hakan bai sanyaya mata rai ba.

"Sai ka ba ta ruwan zafi ka hana ta iska? Ba ka tambayi likita ba, ba ka tambaye ni ba, ka duba girman abu kawai ka yanke hukunci. Da na tsaya taron malamai fa, Yaya? Da me zan tarar?"

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, siririya amma da ɗan ƙarfi, tana kiran Yaya da sunan da take ce masa.

"Babba, ku daina faɗa a kaina. Ni dai in wanka ne, ko gobe sai a yi. Abin hancin nan ne ba na son a taɓa mini."

Malama ta zare hitar, ta jira ta huce, ta nannaɗe wayar ta cusa a jakarta. Sannan ta ɗauko salatif ta liƙe filogin injin da soket, ta sake liƙewa, har sai da ya koma kamar ciwon da aka ɗaure.

Da ta fito, ta tarar Yaya ya ɗora babbar tukunyar ruwan wankan Inna a kan gas da kansa, yana ta neman ashana. Ta san inda take, amma ta bar shi ya ɗan nema tukuna.