Kwanciyar Rub da Ciki

Irmiya ya iya ka da mutum. Wannan babu gardama a kai, ko a Kontagora da ake gardama a kan komai. Ɗan manoman Kumbashi ne, ƙugu kamar turmi. Idan ya kama kwalar rigarka, fara neman inda za ka sauka. Matsalarsa sai in shi ne ya je ƙasa. Nan take zai kife rub da ciki, ya dunƙule, ya jira alƙalin wasa ya ce a tashi. Haka 'yan judo da yawa suke yi, kuma yakan fishe su. Bara a gasar Minna bai fishe shi ba. Abokin karawarsa ya hau bayansa ya shaƙe shi kafin alƙali ya buɗe baki.

Bana mutum ɗaya za a kai Minna a ajin nauyinsa: ko shi, ko abokin atisayensa Benjamin. Koci Jumare, tsohon soja mai koyar da judo a wani tsohon siton hatsi da aka shimfiɗa wa katifu, ya ce Irmiya zai kara da Jinaidu. In ya tsira da wuyansa, shi zai tafi.

Jinaidu jikan malaman cikin gari ne, siriri, ya koyo wani salon kokawa, jiu-jitsu, a Legas. Su wasansu a ƙasa yake farawa, babu mai cewa a tashi. Yana zuwa siton ne don ya koyi kayarwa, abin da har yanzu bai iya ba.

"Ɗan Kumbashi," in ji shi yana ɗaura ɗamara, "yau ma barci za ka yi mini a katifa?"

"Kai dai tsaya da ƙafarka tukuna, Malam ƙarami."

Bai tsaya ba. Irmiya ya juya ƙugu ya buga shi da ƙasa har ƙurar tsohuwar dawa ta tashi. Amma Jinaidu bai saki riga ba, ya jawo shi suka zube tare. Irmiya ya kife. Jinaidu ya hau bayansa, ya fara zura yatsu cikin kwala.

"Ku tashi!" in ji Jumare.

Suka tashi, suka sake. Aka yi kayarwa, aka kife, Jumare ya sake tayar da su. Da aka maimaita haka ya isa, sai ya tafa hannu.

"Shi ke nan, bai shaƙe ka ba. Shirya jakarka."

Benjamin yana zaune a gefe, fuskarsa ta faɗi ra'ayinta.

Irmiya bai motsa daga tsakiyar katifa ba. "Koci, ba ni na tsira ba. Bakinka ne ya cece ni."

"Wallahi Baba," in ji Jinaidu, "kullum hannuna ya shiga sai ka yi magana."

"A judo haka ake yi! Kai za ka koya mini?"

Gaskiya ne haka ake yi. Jumare ya daɗe yana alƙalanci har bakinsa ya daina shawara da shi, musamman in wuyan yaronsa ne a hannun wani.

"A Minna ba kai za ka yi alƙalanci ba," in ji Irmiya. "Ka yi haƙuri, Koci, ka fita waje. Benjamin ya tsaya mana."

Benjamin ya ɗago kai. "Ni? Ka san fa ba zan yi saurin magana ba."

"Shi ya sa na ce kai."

Jumare ya zage su duka ukun, ya fita.

Suka kama, suka zube, jikin Irmiya ya kife da kansa kafin ya tuna. Yatsun Jinaidu suka shige, kwala ta fara cin wuya. Irmiya ya kasa kunne, bai ji komai ba sai kukan injin niƙa daga bayan sito. Benjamin ya harɗe hannu a ƙirji, kamar mai jiran mota.

Gefen idon Irmiya ya fara duhu. Ya manna haɓa da ƙirji, ya riƙe hannun rigar Jinaidu da hannu biyu, ya yi abin da jikinsa ya ƙi yi tun yana yaro: ya juyo. Ya fuskanci mutumin, ciki a buɗe. Jinaidu ya yi wuf zai danne shi, Irmiya ya maƙale masa ƙafa ɗaya tsakanin cinyoyinsa ya matse. Jinaidu ya ja, ya murɗa, ya nemi wuyan ta wancan gefen. Kowane lokaci Irmiya sai ya bi shi da fuska. Gumi ya jiƙa katifa. Can Jinaidu ya saki kwala yana yarfa yatsu.

"Ku tashi mana," in ji Benjamin. "Wasu ma suna son katifar."

Jumare ya leƙo daga bakin ƙofa. "To?"

Benjamin ya kwance ɗamararsa, ya daɗe yana naɗe ta. "Shi zai tafi."

Irmiya na kwance rigingine, kwala ta bar masa jan zane a wuya. Da ya yi magana, muryarsa kamar ta mai mura.

"Benjamin, mayar da ɗamararka. Malam ƙarami ya gaji, ni kuma sau ɗaya kawai na juyo."