Maɓallin da Ya Ƙi Aika Hutun Auta

Likita ya ce za a cire min yanar da ta rufe idona na hagu, amma sai na zo da mai rakiya. Autata ce za ta raka ni, ga shi a ofishinsu ba a neman hutu da baki. Wani fom ake buɗewa cikin imel, a cike, a danna "Aika". Ta danna har yatsarta ta yi tsami, maɓallin ko gezau.

Na ɗauki sandata na bi ta ofis.

Mai kula da kwamfutocinsu, wanda suke kira Injiniya, ya iso yana taunar biro.

"Mama, a kashe a kunna."

"Ɗan nan, ni ma kullum ina kwanciya ina tashi, idon bai warke ba."

Aka kashe, aka kunna. Shiru. Akawu ta leƙo ta ce ita dai ta ji sai an kashe fanka fom ɗin yake aiki. Aka kashe fanka. Muka zauna muna ta gumi.

Na tambayi Injiniya abin da ke cikin maɓallin. Ya ce 'yan layukan umarni ne da ya rubuta, su ke kai wa Manaja saƙo. To me ya tsayar da su? Ya sosa ƙeya. Ashe da ya dawo daga wata bita kan tsaro, shi da hannunsa ya kulle kwamfutocin kada su bi umarnin kowane fom, gudun ɓarayin intanet.

"To buɗe mana."

"Sai Manaja ya amince, Mama."

"Nemi amincewar."

"Ai da fom ake nema."

Auta ta kifa kai a tebur. Ni kuwa na ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Na tarar da shi yana goge wata lambar yabo da gefen rigarsa. Ya ce lambar son aiki ce aka ba shi, tun bara ba ma'aikacinsa ko ɗaya da ya nemi hutu. Na warware masa zare da abawa. Ya dubi lambar, ya dube ni.

"Mama, in aka gyara, ofishin nan watsewa zai yi."

"Ni ɗaya nake nema, kuma ni na haife ta."

Ya sassauta murya. "Ta tafi mako guda. Amma ta bar jakarta a kan kujera, a ɗauka banɗaki ta zaga."

Haka aka yi. Ranar da aka sallame mu, abin da sabon idona ya fara gani tangaram shi ne Auta tsaye a ƙofar gida, tana ta lalube. Makullin gidan yana cikin jakar da ta bari a ofis.