Ƙumar Falon Injiniya

Surukina injiniya ne, saboda haka babu abin da bai sani ba. Ranar da sanyi ya fara kankama, ya ɗauke maganin ƙuma da nake ɗiga wa karena Duna a ƙeya kowane wata, ya kulle a durowarsa.

"Mama, ai guba ce," in ji shi. "A bar jikin dabba ya huta. Sanyi na kashe ƙuma da kaska, kowa ya san wannan."

Shekara talatin na yi ina koyar da ilimin halittu, kuma rabin shirmen da na soke da jan biro da "kowa ya sani" yake farawa. Na ce, "Wane sanyin? Na waje, ko na falon nan da hita ke ɗumama shi tun safe?" Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsofaffi. 'Yata ta ƙifta mini ido. Mai zaman gidan suruki dole ta koyi haɗiye magana, na haɗiye.

Duna karen marigayi mijina ne. In ka cire littattafai, shi kaɗai na taho da shi gidan nan.

Ba a yi wata biyu ba, idon sawun Injiniya ya cika da jajayen ƙuraje. A teburin cin abinci yana taunawa yana goga ƙafa da ƙafa kamar fara. Ranar wata Asabar ya yanke hukunci.

"Karen nan zai koma wurin ginin da nake yi, maigadi ya riƙe shi. In mako ya cika cizon ya tsaya, to can ne gidansa."

"Kafin ka kai shi, ji wannan," na ce. "Ƙumar da ka gani a jikinsa kaɗan ce. Ƙwai da 'ya'yan suna cikin kafet ɗinka mai tsada, suna shan ɗumi. Ka ɗauke musu akushi, wa kake jin za su ci?"

"Mama ke nan. Har yanzu kina aji."

Aka sa Duna a bayan mota yana leƙena ta gilashi. Ban yi kuka a gabansu ba. Na shiga ɗaki, na sa doguwar safa, na tura bakin wandona a ciki, na jira.

A kwana na uku 'yata ta daina zama a falo. A na huɗu wani abokin aikinsa ya zo da takardu, bai ko shanye shayinsa ba ya tuna yana da uzuri. A na biyar Injiniya ya tsaya a ƙofar ɗakina, wando naɗe har gwiwa, ƙwaurinsa kamar an watsa masa barkono.

"Mama, wai me ake yi wa kafet?"

Na gama shafin da nake karantawa tukuna.

"A bi shi da injin shara kullum, har ƙarƙashin kujeru, a zubar da ƙurar a waje. Shimfiɗar kare a wanke da ruwan zafi. Sannan ka dawo da Duna, a sa masa magani. Da magani a jikinsa, duk wadda ta hau shi ta gama yawo. Kowane wata, zafi ko sanyi ko damina."

"Babu wata hanyar?"

"Akwai. In ɗiga maka a ƙeya."

Da la'asar ya dawo da shi da kansa. Duna ya rame, da kaska biyu a kunne, tsarabar wurin gini. Na cire su da hantsaki, Injiniya na riƙe da kan karen yana kau da fuska. Can an jima, daga kicin na ji yana bayyana wa matarsa cewa wani sabon nau'in ƙuma ne mai jure sanyi. Hannuna na cikin gashin karena.